Gonar da Baba Ja'afaru Ya Raba a Kwance

A Kwarin Dinya idan mai gona ya rasu, liman ne yake faɗin kason kowa da baki, amma Baba Ja'afaru ne yake sauke maganar a ƙasa. Zai zo da igiyarsa a naɗe a kafaɗa, da turaku a cikin buhu, ya zaga gonar sau ɗaya, sannan ya ce magada su matso. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan aiki, daga ƙauyenmu har ƙauyukan Garo da Masanawa, wani lokacin ma daga ƙasar Gwarzo ake aiko masa da babur. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa warware rabon da ya yi ba. Gona ɗaya ce ya raba ba yadda ya saba ba, gonar kakana, kuma ni na sa shi. Abin ya ƙare a kan ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hajjo.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kabo, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Kano idan aka biyo titin Gwarzo. Ƙasar wurin a karkace take. Titi yana kan tudu, daga nan gonaki su gangara a hankali, jar ƙasa ta koma jigawa, jigawa ta koma baƙar ƙasar fadama, har su tsaya a bakin rafi. Gero da gyaɗa ake sawa a sama, dawa da masara a tsakiya. A ƙasa kuwa shinkafa ce da damina, da rani albasa da tumatir. A 'yan shekarun nan bakin titi ya yi daraja, domin mutanen birni suna fitowa neman filin kiwon kaji da na gidan mai. Rafin ma birni ya gano shi. Kullum tifofi suna shiga su fito da yashi, su nufi Kano inda ake gini.

A jami'a na karanta ilimin labarin ƙasa, na haddace cewa ƙidayar 2006 ta ba Kabo mutum dubu ɗari da hamsin da 'yan kai, Gwarzo kuma dubu ɗari da tamanin da wani abu. Wata rana na faɗa wa Baba Ja'afaru wannan a ƙofar masallaci. Abokin kakana ne, don haka akwai wasa tsakaninmu, ba ya kirana da sunana Mahbub, sai dai ya ce abokina.

"Ni ban san dubu ba, abokina," in ji shi. "Kunya na sani. Gonar da na fara rabawa, kowane namiji ya tashi da kunya arba'in. Da suka mutu na raba wa 'ya'yansu, sha biyu sha biyu. Bara na koma gonar nan na raba wa jikoki. Huɗu. Wani ya tsaya a kan tasa ya buɗe ƙafa, ƙafarsa ɗaya tana gonar wansa, ɗaya tana ta ƙanensa. Je ka faɗa wa malamanku haka."

A ruga aka haife shi, can ƙetaren rafi. Mahaifinsa mai shanu ne, fari ya rage masa su, sauran kuma suka rasa inda za su bi da gonaki suka matse burtali. Ja'afaru ya tashi da sanda a kafaɗa yana bin ragowar garken ba takalmi, shi ya sa yakan ce ƙafarsa ce ta yi masa karatun ƙasa. Ya san inda ruwa yake kwana, da inda tururuwa take gida, da inda aka taɓa haƙa rijiya aka cike. Da shanun suka ƙare ya shigo gari ya auri 'yar mai awon gona na lokacin, a hannun surukin nasa ya koyi igiya.

Igiyar ta rama ce, shi yake tufka ta da kansa. Tsawonta gaba ashirin, kowace gaba da ƙullinta. A jikin katangar masallaci akwai ƙusoshi biyu da surukinsa ya kafa, a nan yake gwada ta duk safiyar da zai fita awo, domin rama tana miƙewa idan ta tsufa. Ba ya awo da jiƙaƙƙiyar igiya. Kuma bakin igiya, wanda ake ɗorawa a kan iyaka, ba ya ba kowa, shi yake kai shi da hannunsa. Idan ya gama sai ya dasa gamba a inda turaku suka tsaya, ya ce turke ana tumɓuke shi a sace, gamba kuwa ko an sare ta saiwarta tana nan tana shaida. Ladansa dami ɗaya ne idan kaka ta yi.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne a tsaye yake raba gona, daga titi zuwa rafi. Kowane magaji ya samu tudu, ya samu jigawa, ya samu fadama, komai ƙanƙantar kason. Shi ya sa idan ka hau tudun ƙauyenmu ka duba, gonakin kamar sawayen saƙa suke, dogaye sirara. Matasa sun daɗe suna ƙorafi a bayan idonsa. Ni ma da na dawo daga bautar ƙasa ba aiki, ina zaune a gida da digirina, ina cikin masu cewa tsohon nan ya ɓata mana ƙasa.

Kakana Malam Hadi ya rasu da ranin 2023. Kakata ta riga shi, ya bar maza biyar da mata uku. Bayan sadakar arba'in aka taru a gonar, da mai unguwa da liman. Liman ya ce kaso goma sha uku ne, namiji biyu, mace ɗaya. Baba Ja'afaru ya ƙirga faɗin gonar, kunya talatin da tara. Ya ja tsawonta daga titi zuwa rafi, igiya goma sha uku cif.

"Namiji kunya shida, mace kunya uku," ya ce. "A miƙo turaku."

Baffa Muntari, ƙanen mahaifina Ɗanladi, shi ya fara magana. Direba ne, rabin rayuwarsa a Kano yake yi.

"Kunya shida, Baba? Wannan ai hanya ce, ba gona ba. Idan na sa shanun huɗa a ina za su juya? A kan gyaɗar Yaya Ɗanladi?"

"Ka juya su a bakin titi, yadda ubanka ya yi."

"Ubana talatin da tara gare shi."

"Shi ma wansa haka ya ce min ranar da na yanka musu."

Gwaggo Hajjo tana zaune gefe a gindin ɗorawa. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan, ta dawo gida da 'ya'ya huɗu. 'Yan'uwanta mata biyu suna aure a Kano, sun wakilta mahaifina. Ita ce kaɗai macen da za ta ci daga gonar da hannunta.

"Ni kuwa kunya uku," ta ce, "ko zanina na shimfiɗa sai ya rufe ta."

Aka yi dariya. A cikin dariyar ne na matso. Ba a tambaye ni ba, jika ba shi da kaso, amma tun da na ji igiya goma sha uku da kaso goma sha uku nake ta lissafi a raina. Na ce a yi min afuwa, me zai hana a raba ta a kwance? Kowane namiji igiya biyu, kowace mace igiya ɗaya, kowa da faɗin kunya talatin da tara. A bar 'yar hanya a gefe. Kowa ya samu gona mai kusurwa huɗu da garma za ta juya a ciki.

Na ga idon Baffa Muntari ya tafi bakin titi.

Baba Ja'afaru ya ajiye turken da ke hannunsa. "Abokina, ka taɓa ganin inda rafi ya ci gona?"

"Mun karanta, Baba."

"Ba karatu na tambaye ka ba. Rafi idan ya tashi ci, daga ƙasa yake farawa. Idan gona a tsaye take, kowa zai rasa wutsiyar tasa, a yi jaje, a ci gaba da noma. Idan a kwance take, mutum ɗaya zai cinye, sauran suna tudu suna kallo. Ka ɗauka surukina bai iya yanka kusurwa huɗu ba ne?"

Na fito da wayata na buɗe masa taswira, irin hoton da ake ɗauka daga sama. Na nuna masa rafin a tsohon hoto, na nuna masa a sabo. Na ce ya duba da kansa, shekara da shekaru bai matsa ko taku ɗaya ba. Ya karɓi wayar ya nesanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Ina ramin tifofi?"

"Wane rami, Baba?"

"Wanda suke haƙa a ƙasan gada. Shekara biyu ke nan suna ɗiba. Ban gan shi a nan ba."

Na ce hoton ba ya nuna ƙananan abubuwa. Ba gaskiya na faɗa ba. A ƙasan hoton akwai shekarar da aka ɗauke shi, ya kai shekara huɗu. Na gani, na sa babban yatsana a wurin. Mutane sun zuba min ido, karo na farko ke nan da karatuna ya yi amfani a gaban iyayena, ban so a ce tsoho ya kayar da ni.

"Ruwa idan aka zurfafa masa a ƙasa," ya ce, "baya yake ja, yana neman abin da aka ɗebe masa. A gaɓa zai same shi."

Baffa Muntari ya ce zamani ya wuce wannan, yaron nan ba a banza aka kai shi makaranta ba. Sauran mazan suka goyi bayansa, har mahaifina. Liman ya ce shari'a kaso ta faɗa, ba ta faɗi tsaye ko kwance ba, idan magada sun yarda babu laifi. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Baffa Muntari ya ce yana son bakin titi, saboda motarsa. Gwaggo Hajjo ta ce ita a ba ta bakin rafi.

Baba Ja'afaru ya taka har gindin ɗorawar ya tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Hajjo, ke na fi ji wa. Ki karɓi kunya ukun nan."

"Baba, marayu huɗu gare ni. Kunya uku me za ta ba su? Fadama kuwa rani da damina zan ci."

"Idan rafi ya zo, ke kaɗai zai tarar."

"Allah zai tsare. Ga ɗana Mahbubu ya duba a waya."

Ya miƙe yana dafa gwiwa. "To. Kowa ya ji na faɗa." Ya ɗauki bakin igiyarsa ya yi awon, a kwance. Ya dasa gambar kamar yadda ya saba. Da kaka ta yi mahaifina ya aika masa da dami, ya ce a mayar.

Shekarar farko kamar ni ne da gaskiya. Gwaggo Hajjo ta samu shinkafa, da rani ya shigo ta sa aka haƙa mata 'yar rijiya ta zuba albasa da alayyafo. Kullum da hantsi za ka gan ta da gwangwanin ban ruwa. Ta mayar da 'yarta Khairiyya makaranta. Idan ta gan ni sai ta ɗaga murya ta ce ga mai gonata nan, ta cika min leda da albasa. Mutane biyu daga wata unguwa suka zo suka ce in zo in duba musu tasu gonar a waya.

Baba Ja'afaru kuwa kusan kowane mako sai an gan shi a bakin rafi, yana tafe yana soka sandarsa a gaɓa. Tifofin sun ƙaru, sun ma kawo katafila. Ya je wurin mai unguwa sau biyu a kan maganar, mai unguwa ya ce yashin ba a ƙasarsa ake ɗiba ba, a ƙasan gada ne. Wata rana muka haɗu a hanya, na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi mahaifina. Bai ce min abokina ba. Tun ranar rabon bai sake faɗa ba.

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa. A watan Agusta aka yi kwana uku ana yi yana ɗaukewa. Rafin bai yi ambaliya ba, bai hau gonar kowa ba. Ƙasa ya nutsa, ya yi zurfin da ba mu taɓa gani ba, sannan ya shiga cin gindin gaɓa. Safiyar kwana na huɗu Gwaggo Hajjo ta je gona ta tarar babu rijiyarta. Inda shinkafarta take an yanke kamar da wuƙa, ƙasa ta tsaya tsaye, tsayin mutum biyu, jan ruwa yana wucewa a ƙarƙashi. Maƙwabtanta na dama da na hagu, waɗanda gonakinsu suke a tsaye, su ma sun rasa wutsiyoyinsu. Suka tsaya suka yi salati, suka koma sama suka ci gaba da ciyawa.

Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dawo gida ta zauna a ƙofar ɗaki da fartanyarta a hannu har azahar.

Da la'asar Baba Ja'afaru ya yi sallama a gidanmu. Ya sa aka kira mazan da suke gari, da mai unguwa. A zaure ya ce musu rabon nan a warware shi, a mayar da shi tsaye, kowa ya ɗauki rabonsa na asarar.

"Baba, kai da bakinka?" in ji mai unguwa. "Ba a taɓa warware naka ba."

"Hannuna ne ya dasa gambar. A fara da wannan."

Ɗaya daga cikin baffannina ya ce ai ba a san ma yawan abin da ya tafi ba, mata akwai zuzuta abu, wataƙila gaba biyu ce ko uku. Aka yi ta ja. A ƙarshe mai unguwa ya yanke cewa a auna. Idan abin da ya tafi ya haura rabi, za a kira Muntari daga Kano a zauna. Baba Ja'afaru ya ce gobe da hantsi, idan ba a yi ruwa ba. Da zai fita ya dube ni.

"Kai za ka riƙe min."

Washegari gari ya waye da rana. Ya zo da igiyar a cikin buhu don kada raɓa ta taɓa ta. Muka tsaya a kan gambar da ta raba kason Gwaggo Hajjo da na sama da ita. Daga nan zuwa rafi igiya ɗaya ce a da, ƙulli ashirin. Gwaggo tana tsaye a bayana. Na ce masa ƙasar ba ta bushe ba, ya bari in auna da waya daga nan.

"Wayarka ta yi nata."

Na ce to ya ba ni bakin igiyar, ni na fi shi sauƙin jiki.

"Idan ka kai, baffanninka za su ce ka rage don gwaggonka. Tsaya a kan gambar, ka saki a hankali, kana ƙirgawa da ƙarfi."

Ya naɗa bakin igiyar a wuyan hannunsa ya fara tafiya, yana soka sanda kafin kowane taku. A wannan ɓangaren na sama rogo ta dasa, ya kai gwiwa. Ƙulli yana wucewa ta tafin hannuna ina faɗa. Ɗaya. Biyu. Uku. A na biyar Gwaggo ta ce, "Baba, ya isa haka, an gani." Bai juyo ba. Shida. Ya rage tafiya. Ya sunkuya zai ɗora bakin igiyar a kan gaɓa, na bakwai yana tsakanin yatsuna.

Babu wata ƙara mai ƙarfi. Ƙasar ta sauka ne kawai, da shi da rogon da ke kewaye da shi, kamar an janye tabarma. Igiyar ta fizge ta ƙone min hannu, na faɗi a kan ciki ina riƙe da ita, ban san ina ihu ba sai daga baya aka faɗa min. Ruwa ya riga ya rarake gindin wurin, abin da ya taka ɓawo ne.

Masu ciyawa a gonakin gefe suka zo a guje. Muka zagaya ta inda shanu suke sauka, muka bi igiyar, ita ta nuna mana inda yake. Ƙasa ta rufe shi har ƙirji. Da hannu muka tone shi, domin an ji tsoron sa fartanya. Idonsa biyu, yana ta kalmar shahada, amma ƙafafunsa ba sa motsi. A ƙyauren ɗaki aka ɗauko shi zuwa titi. Daga asibitin Gwarzo aka ce a wuce da shi Kano, ƙashin baya ne.

Kwana huɗu ya yi. A rana ta biyu na shiga wurinsa, babban ɗansa yana yi masa fifita. Na durƙusa a bakin gadon na ce Baba, hoton nan tsoho ne, na ga shekarar na rufe da yatsa.

"Na ga yatsan," ya ce. Numfashinsa yana fita da ƙyar. "Ƙulli nawa?"

"Bakwai."

"Da na bakwai ɗin ko ban da shi?"

"Yana hannuna lokacin."

"To shida da rabi. Sha uku da rabi sun tafi. Ya haura rabi. Ka faɗa wa mai unguwa a gaban mutane, ka ce ni na auna."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Aka kawo shi gida, aka binne shi a maƙabartar tudu. Jama'ar da ta zo daga Garo da Masanawa da ƙauyukan Gwarzo ta cika filin makarantar firamare, kusan kowa a cikinsu a kan gambar da ya dasa yake noma.

Bayan sadakar bakwai aka zauna a zauren mai unguwa. Na miƙe na faɗi abin da ya ce in faɗa, na ƙara da maganar hoton. Ba wanda ya kula da wannan. Mai unguwa ya ce awo ya tabbata, saura magada. Sai Baffa Muntari ya gyara zama ya ce akwai abin da bai samu damar faɗa ba. Tun bayan ƙaramar salla ya sayar da kasonsa na bakin titi ga wani Alhaji daga Kano mai son gina gidan kaji. An yi takarda, an sa hannu, da an ɗauke amfanin gona za a kawo bulo.

"Ka sayar ba ka faɗa wa kowa ba?" in ji mahaifina.

"Nawa ne, Yaya. A gabanka aka ba ni."

"'Yar'uwarka fa?"

"Ni na tura mata rafi? Ita ta zaɓa, kowa ya ji. Har tsugunawa marigayi ya yi."

Ɗaya baffan ya ce shi a shirye yake a warware, amma sai kowa ya dawo da nasa, ba zai yiwu a yanki na wasu a bar na wani ba. Na ukun ya ce haka ne. Aka juya ga liman. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce rabon da aka yi da yardar kowa ya zauna, abin da ya faɗa wa kason mutum bayan nan nasa ne. Wanda ya taimaka mata Allah zai ba shi lada, amma ba za a tilasta wa kowa ba. Mahaifina ya ce zai ara mata kunya biyar a nasa, na shekara ɗaya. Mu goma sha ɗaya ne a gidanmu, kowa a zauren ya san abin da kunya biyar take nufi a wurinsa.

Gwaggo Hajjo tana bayan ƙofa tana ji. Ta ce a faɗa wa Yaya ta gode, ya bar wa 'ya'yansa.

Bayan mako uku ta haɗa kayanta. Yayarta Sa'a ta samo mata aikin wanke-wanke wurin wata mai abinci a bakin wata tasha a Kano, da ɗaki ɗaya a bayan gidan da suke haya. Khairiyya ta bar makaranta, za ta riƙa taya ta. Ni na ɗaukar mata buhun tukwane zuwa bakin titi. Muka tsaya jiran mota daidai kason Baffa Muntari, inda aka riga aka sauke yashi tifa biyu.

Na ce, "Gwaggo, ki yafe min."

"Me ka yi min?"

"Ni na kawo maganar."

"Ka kawo, ni na karɓa. Tsoho ya tsuguna min a gaban maza na ƙi ji." Ta gyara goyon ƙaramin ɗanta. "Ka daina zama a ɗaki, Innarka ta ce ba ka cin abinci. Hannun ya warke?"

"Ya warke."

"Mu gani." Ta kama tafin ta duba, ta sake shi. "Ka riƙa shafa man kaɗanya."

Mota ta tsaya, kwandasta yana kiran Kano. Aka cusa buhun a but, aka ɗaure da igiyar roba. Ta sa yaran a ciki, ta sa ƙafa ɗaya, sannan ta juyo.

"Rogon nan nawa ya kusa yi. Kada ka bar kowa ya je cira, ka ji ko? Ko yara ka gani sun nufi wurin ka kore su."

Na ce to.

Rogon yana nan har yanzu a ɗan abin da ya rage, ya yi ganye ya zubar. Na sare ƙaya na tare hanyar wurin. Wata tsaga ta fito a ƙasa, taku huɗu daga gambar, kuma damina saura wata biyu.